'Yata ta Ƙasar Lazgi

Kwanakin baya ɗana ya ɗauko ni daga asibiti, maimakon ya miƙe da mu unguwarmu ta Nasim sai ya ce bari ya ratsa ta unguwar Malaz ya karɓi wani saƙo. Na kafa ido a gilashin mota ina neman gidan da na fara zama a garin nan, ban gan shi ba. Layin ma da ƙyar na shaida shi, don masallacin kusurwa ne kawai ya rage yadda na san shi. Inda gidan yake an kafa wani dogon gini mai ƙyalli, ƙasansa samari na zaune suna shan gahawa, kowa kansa a sunkuye kan waya. Muka wuce. Amma tun daga ranar nake ta juya wata mata a raina, da wani gari da ban taɓa takawa ba, wanda kuma na san lungunansa fiye da na unguwar da nake ciki yanzu.

Na zo Riyad ina amarya, ko Larabcin sayen gishiri ban iya ba. Maigidana direba ne a gidan kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, ya fita da asuba sai bayan isha. Aka ba mu ɗaki a can saman wani tsohon bene, irin ɗakunan da ake ɗorawa kan rufi kusa da tankin ruwa. Ɗaki biyu ne a wurin, namu da wani da ke kulle, sai fili da igiyar shanya. Abin da na fi tunawa shi ne ƙararrakin wurin. Mai sayar da gas yana buga tukunyar gas da ƙarfe tun daga farkon layi, tattabaru na guɗa a kan tanki, ruwan na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga cikin gwangwani, sannan kiran salla ya taso daga masallatai da yawa, wannan na riga wancan. Yaran yanzu ba su san wannan shirun mai ƙara ba. Jikokina idan kaɗaici ya dame su sai su danna waya su ga fuskar wanda suke so. Mu kuwa mace takan wuni ba ta buɗe baki ba sai a salla. Ni da na taso a gidan da ba a rufe ƙofa, a ƙauyenmu na gabas da Gumel inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai har kana hango baƙo tun yana ɗan ɗigo, sai ga ni a sama kamar tsuntsuwa, katanga ta kewaye ni.

Wata safiya na fito shanya na tarar da ɗakin nan a buɗe, wata doguwar mata fara sol tana kakkaɓe darduma. Gashin girarta baƙi ƙirin, hannuwanta manya kamar na mai noma. Ta yi mini sallama na amsa, daga nan muka tsaya muna kallon juna, don ita ma Larabcinta bai wuce nawa ba. Na dafa ƙirjina na faɗi sunana, na nuna ta. Ta ce, “Suna.” Na ce e, sunanki nake tambaya. Ta sake dafa ƙirji ta ce, “Suna.” Sai da muka yi haka har na fara jin haushi kafin na gane ashe sunan nata ke nan. Na yi dariya har na zauna a kan bokiti, ita ma ta kama dariya ba ta san dalili ba. Da maigidana ya dawo na ba shi labari, ya ce ai ya haɗu da mijin a matakala, ɗalibi ne a jami'a, yana karatun shari'a, kuma ya ce su mutanen dutse ne daga can ƙasar Rasha, ƙabilarsu Lazgi. Na ce Rasha kuma akwai Musulmi? Ya ce ga su kuwa kin gani. Tun daga ranar muka laƙaba mata 'Yar Dutse, mijin kuma muna ce masa Ustazu.

Abin da ya fara haɗa mu harshe ne. Ta leƙo ɗakina ina kunna risho, ta nuna wutar ta ce, “Tsai.” Na maimaita. Ta zaro ido. Ta nuna ɗakin ta ce, “Ƙwal.” Na ce ƙwal. Sai ta kama hannuna ta faɗi sunan garinsu, wani suna mai haruffan ƙa da tsa a ciki, na faɗa mata shi daidai. Matar nan ta rungume ni har tana ɗaga ni daga ƙasa. Daga baya da Larabci ya ɗan zauna mana a baki ta gaya mini cewa tun da ta baro gida ba wanda ya iya faɗin sunan nan, Larabawa su karya shi, Rashawa su tauna shi, sai ga baƙar mace daga wata duniya ta fitar da shi kamar a can aka yanke mata cibiya. Ni ma abin ya ɗaure mini kai. Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi Allah Ya ajiye harafi ɗaya a maƙogwaron mutane biyu da ke nesa da juna haka.

Daga nan tambaya ta ɓalle mini. Ni dai tun ina yarinya kakata take cewa bakina ba ya gajiya da “don me”. Na ce ta kwatanta mini garin. Ta rasa kalmomi, sai ta ja ni matakalar bene. Da hantsi ne, maza duk sun fita, ba mai hawa ba mai sauka. Ta kwaso gwangwanayen madara da kwalayen ashana ta jera a kan matakala, kowace taka da nata. Ta ce haka gidajensu suke, wani kan wani a jikin dutse, rufin na ƙasa shi ne tsakar gidan na sama. Idan kana son maƙwabcinka ba sai ka zagaya ba, ka taka rufinsa ka yi kira ta mafitar hayaƙi. Na ce to idan kuka yi faɗa fa? Ta ce sai ka yi ta tafiya da ƙarfi a kansa. Ta ce garin gaba ɗaya rana yake fuskanta, don wanda ya yi gini a gefen inuwa sanyi zai kashe shi. Ta warware ɗankwalinta shuɗi ta shimfiɗa a can ƙasan matakala, ta ce wannan kogi ne, ba ya ƙafewa, ba ya yin shiru, kuma shi ke gangarawa ya faɗa babban kogin Samur. A taka ta ƙarshe ta sama ta kafa kwalbar mai, ta ce hasumiyar tsaro ce ta mutanen da. Gwangwanin da ke dab da kwalbar ta ɗan shafa shi da yatsa ta ce, “Nan uwata take.”

Na ce ina gonaki, tun da duk dutse ne? Ta ce kakanninsu ne suka yi gonakin da hannu. Su gina katangar dutse a jikin gangare, su ɗebo ƙasa a kwando daga bakin kogi su cika bayanta, gona ta samu, wata ba ta fi tabarma biyu ba. A nan suke shuka sha'ir da alkama da wake. Ni da na san gonar babana da sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba, na ce wannan ai wahala ce, me ya hana ku sauko ƙasa? Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ta ce ƙasa hanya ce, duk rundunar da ta tashi ta nan take bi, ta Farisa, ta Turkawa, ta sarkin Rasha. Wanda ke son ya kwana da 'ya'yansa cikin aminci sama yake hawa.

Dusar ƙanƙara ce ta fi ba ni wuya. Na san ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farkon damina muna tsinta muna tsotsa, amma ta ce ba ita ba ce. Ta buɗe firji ta kankaro farin abin nan da ke taruwa a jikin gidan ƙanƙara, ta zuba mini a tafin hannu. Ta ce ka wayi gari ka ga wannan ya kai ƙugu, ya toshe hanya, garin ya yanke da duniya har sai bazararsu ta zo. Aikin farko da safe shi ne a hau rufi a share shi, sannan a jawo wani mulmulallen dutse a yi ta birgima shi a kan rufin don ƙasar ta danne kada ta yi yoyo. Shanu a ɗakin ƙasa suke kwana, mutane a sama, ɗumin dabbobin na tasowa ta ƙasan daɓe. Da kashin shanu busasshe suke girki, na ce wannan kam mun san shi. 'Yan mata su sauka maɓuɓɓuga da tulun tagulla a kafaɗa, tsofaffi maza na zaune a dandali kusa da masallaci suna lura da 'yar wa ta iya tafiya a kan santsi. Tumaki kuma kafin sanyi a kora su ƙasa can wajen teku, maza su bi su, gari ya zama na mata da tsofaffi, su yi ta saƙar darduma da safa mai zane. Duk wannan muna yinsa ne hannu na aiki. Ita tana murza ƙullu tana yi mana wata gurasa siririya mai ganye a ciki, ni ina tuƙa tuwon semo da miyar kuka da aka aiko mana. Ranar da ta fara cin miyar ta yi ta jan lomar sama tana kallon yauƙin, ta kasa yanke shawarar ko abinci ne.

Tarihin kuwa a wajen Ustazu maigidana yake jiyowa ranar Juma'a, ni kuma in kai wa 'Yar Dutse ta gyara. Akwai dutse a jikin masallacinsu da rubutun Larabci irin na da, mai kusurwa, marar ɗigo, wanda suke cewa tun zamanin da Musulunci ya shigo ta birnin da ke bakin teku aka sassaƙa shi. Maƙabartarsu ta fi garin girma, duwatsun kaburbura a tsaye sun fi mutum tsawo. Da gwamnatin da ba ta yarda da Allah ba ta zo, aka kulle masallacin aka mai da shi rumbun hatsi. Kakanta ya fasa bango ya ɓoye littattafansa ya shafe da laka, ya mutu bai faɗi wurin ba, sai da bangon ya tsage aka gan su. Kakarta a ɗakin shanu take salla. Na ce to ke wa ya koya miki Fatiha? Ta ce ita, a kunne, kamar mai gulma. Daga baya kuma aka turo manyan motoci aka ce kowa ya sauko, an gina musu sabon gari a fili mai lantarki da famfo. Fiye da rabi suka tafi. Tsofaffi da yawa ba su yi shekara a can ba, zafi da sauro suka kwashe su, wasu suka sulale suka koma sama. Gidansu na cikin waɗanda suka ƙi motsawa. Sannan dab da aurenta babbar ƙasar ta wargaje, kogin Samur ya zama iyaka, 'yan'uwan uwarta da makiyayar tumakinsu suka wayi gari a wata ƙasa daban. Wannan na gane shi sarai, don mu ma dangin kakata suna tsallaken iyaka wajen Damagaram, kuma ba wanda ya tambaye su kafin a ja layin.

Kusan tare muka samu ciki. Ni na riga ta sauka da ɗa namiji, ita ta biyo baya da 'ya mace, fara mai baƙin gashi cunkus. Wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke layin bayanmu, wadda kowa ke kira Inna, ita ta zo ta yi mini wankan jego. 'Yar Dutse ta ga ana fyaɗa mini ganye da tafasasshen ruwa ta ɗora hannu a ka, ta ce za a dafa ni. Muka yi 'yan makonni muna renon jariranmu a inuwar tanki, muna gwada na wa ya fi nauyi.

Rannan da hantsi ina wanke tukunya na ji wata ƙara daga ɗakinsu, irin wadda ba ka buƙatar sanin yare kafin ka gane ta. Na yar da tukunyar na ruga. Ustazu na tsaye a bakin ƙofa, idonsa jawur. Ya juya mini baya saboda kunya ya ce, “Ki shiga wajenta, 'yar'uwa. Mahaifiyarta ta rasu.” Ashe ya je ɗakin buga waya ya kira wani ɗan'uwansa a birni, aka gaya masa. Ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya biyo baya kwana da kwanaki, sai gefen dutsen da ke saman gari ya zame ya sauko. Ya tafi da hasumiyar da gidajen da ke ƙarƙashinta. Mahaifinta yana wajen tumaki, shi ya sa ya tsira. Waɗanda suka rage kuma hukuma ta kwashe su zuwa ƙasa, an ce garin ba ya zaunuwa. Ga hanya ba ta biyuwa a lokacin saboda yaƙin da ake yi a maƙwabtansu, balle ta je ko kabari ta gani.

'Yar Dutse ta kwanta ta juya fuska bango. Ba ta kuka, ba ta magana, abinci sai an ɗura mata. Cikin 'yan kwanaki nononta ya ɗauke. Aka sayo madarar gwangwani, jaririyar ta sha ta amayar. Aka canza wata, ta kama gudawa. Aka kai ta asibitin unguwa aka dawo, ba ta canza zani ba. Ina ji ta bango kukanta na raguwa, daga tsala ihu ya koma kamar na 'yar kyanwa. Wuyanta ya saki, maɗigarta ta faɗa. Ni kuwa nono har zuba yake yana jiƙa mini riga. Na so in ɗauke ta tun ranar farko, amma ban san al'adarsu ba, ban san ko za su ƙyamaci abin ba, ga shi ban nemi izinin maigida ba.

Inna ce ta fasa ƙwan. Ta hau benen tana haki, ta leƙa yarinyar, ta fito ta same ni ta ce, “Ke 'yar nan, me kike jira? Sai an naɗe ta a likkafani?”

Na ce, “Inna, tsoro nake kada su ce na yi shisshigi.”

Ta ce, “To a tambaye su mana. Baki me aka yi shi don shi?”

Ba mu kai ga tambaya ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Ustazu ya yi sallama a ƙofarmu. Ina daga bayan labule ina ji. Ya zauna a gaban maigidana ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce cikin Larabcinsa na littafi, “Ɗan'uwana, na zo roƙon abin da ba a saye a kasuwa. Likita ta ce idan ba a samu mai shayarwa ba, 'yata ba za ta daɗe ba. Na san nonon haƙƙin ɗanka ne, kuma da izininka yake.”

Maigidana ya waiwayo wajen labulen. Na san abin da yake tunani, don ɗanmu na fari ne, kuma ni ba wata ƙiba gare ni ba. Ya ɗaga murya da Hausa ya ce, “Kina ji? Zai ishe su su biyu?”

Na ce, “Wanda Ya kawo su Shi zai isar.”

Ustazu ya ce, “Amma ka sani, idan ta ƙoshi sau biyar ta zama 'yarka. Ɗanka ba zai aure ta ba har abada, kai kuma ka zama ubanta.”

Maigidana ya yi 'yar dariya ya ce, “A wajen malamanmu ko sau ɗaya ne ta zama. Je ka kawo mini 'yata.”

Da aka miƙo mini ita ba ta fi nauyin 'yar kaza ba. Na ɗiga mata a leɓe, ta yi kamar ba ta ji ba. Na sake ɗigawa. Can sai bakin ya motsa, ta kama, ta ja da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba, har na ji shi a bayana. Inna na gefe tana ta salati. Daga ranar ta ɗora ni a kan kunun kanwa da romon kaza, ta ce ciki uku nake ci wa. Na raba musu, yaron dama, yarinyar hagu, kowa ya san wajensa. Wani lokaci su biyun a cinyata, baƙin hannu da farin hannu na cakumar juna a kan ƙirjina, in yi ta kallonsu ina mamakin ikon Allah.

Yarinya ta murmure, amma uwar na nan jiya i yau. Kullum in na gama shayarwa sai in kai ta in kwantar a jikinta, in zauna in yi ta surutu ni kaɗai. Na yi nasiha, na yi addu'a, na ba ta labarin rasuwar tawa kakar, ko motsi. Wata rana dai, ba don dabara ba, sai don abin ya daɗe yana cina, na ce, “Ni fa har yanzu ban gane ba. Dutse ai ba ya tafiya. Shekara aru-aru yana tsaye a kanku, me ya sa sai yanzu?”

Na ga kafaɗarta ta motsa. Ta juyo, fuskar duk ta zabge, ta dube ni da fushi ta ce, “Ba haka kawai ya tafi ba.”

Na ce, “To yaya aka yi?”

Ta tashi zaune. Muryarta a dishe ta ce, “Gonakin da ke saman gari, na gaya miki katanga ke riƙe da su. Kowace shekara sai an gyara katangar, sai an yashe hanyoyin ruwa don ya bi gefe ya sauka kogi. Da akwai hannu ɗari. Da aka kwashe mutane wa zai yi? Babana da tsofaffi biyar? Ruwa ya rasa hanya ya shige cikin ƙasa, shekara da shekaru yana ci. Uwata ta sha faɗa, ta ce bangon ɗakin baya yana gumi. Ta faɗa, ba wanda ya ji.”

Sai kukan ya zo. Ta yi shi har jaririyar ta farka ta taya ta, ta ɗauke ta ta rungume, karo na farko tun ranar da labarin ya iso. Ni kuma na zauna ina juya maganar. Duk zamana da ita na ɗauka dutsen ne ke riƙe da mutanen, ashe su ma suna riƙe da shi. Da yamma ta ci tuwo kaɗan. Washegari ta fito ta yi shanya.

Nononta bai dawo ba, don haka yarinyar ta ci gaba da zama tawa da rana da dare har ta fara zama, ta fara rarrafe, ta fara cin dankalin da uwarta ke dama mata. Idan ta faɗi ni take nema, idan barci ya zo sai a bayana, don na saba mata da goyo. 'Yar Dutse ta koyi ɗaura zani ta goya, amma kullum sai yarinyar ta zame, mu yi ta dariya. Ban taɓa ganin kishi a idonta ba. Ta daina ce mini 'yar'uwa da Larabci, ta koma kirana da kalmarsu, ta ce wadda ake kiran wadda aka fito ciki ɗaya ce.

Da hanya ta buɗe, Ustazu ya ce zai ajiye karatu su koma. Surukinsa na zaune shi kaɗai a sabon garin nan na fili, ya ƙi shiga gidan da aka ba shi, kullum yana bakin titi yana kallon duwatsu. Na tambayi 'Yar Dutse ko za su sake hawa sama. Ta ce ba ta sani ba, amma ko da ƙafa ne sai ta je ta ga inda gidan yake. Ta ce in faɗa mata sunan ƙauyenmu da na iyayena, ta yi ta maimaitawa har ta haddace, don wai dole yarinya ta san danginta na ɗaya gefen. Ranar tafiyar da safe maigidana ya roƙi motar kafilinsa ya kai su filin jirgi. Na shayar da yarinyar na ƙarshe a kan matakala, ta yi barci da nonon a baki. Na zare a hankali na miƙa wa uwarta. Ta sumbaci kafaɗata ta sauka. Ina jin takunsu har ƙasa, sannan ƙarar ƙofar mota.

A lokacin ba waya a hannun kowa, garin da za su ba su san lambar gidansu ba, mu ma ba mu daɗe ba kafili ya mai da mu wata unguwa. Shi ke nan. Yanzu yarinyar ta isa ta goya tata 'yar. Ban san ko doguwa ce kamar uwarta ba, ban san ko a fili ta girma ko an koma an ɗaga katangun nan ba, ban san ko an gaya mata ba. Duk sanda na ga fararen mata masu baƙar gira a Harami sai in tsaya ina sauraron yarensu, ko zan ji ƙa da tsa.

Ranar da suka tafi, da la'asar yaron ya farka da yunwa. Na ɗora shi a dama ya sha ya ƙoshi. Hagu kuwa ya cika ya yi tauri har yana mini zogi, sai na juya shi can. Ya kawar da kai. Na sake kai masa, ya ture da hannu, ya ɗago yana leƙen bayana, yana leƙen ƙofa. Na kira Inna na ce yaro ya ƙi nono, ko wani abu ya same shi. Ta duba shi ta duba ni, ta ce, “Lafiyarsa ƙalau. Na ƙanwarsa ne, ajiye mata yake yi.” Haka na yi ta matse nonon hagun a kofi ina zubarwa a gindin tanki, har ya gaji ya ƙafe don kansa. Yaron nan har na yaye shi bai taɓa kama hagu ba.